ƘIRGAR BAKI DA ƘIRGAR HANNU

Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni kam yanzu ina karɓar wannan magana da 'yar tababa, domin kuwa na yi shekara da shekaru ina koyar da lissafi a makarantar sakandare, kullum bakina ba ya rabo da zargin malaman firamare cewa suna turo mana yara ba su iya komai ba, ashe nawa ɗakin ma yana yoyo, a daidai kan gadona, ban sani ba. Wadda ta nuna mini wurin kuwa tsohuwa ce da ba ta taɓa riƙe alli ba tun da uwarta ta haife ta, wato mahaifiyata.

Abin ya faru ne a ƙarshen watan Maris na 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka rufe makarantu manya da ƙanana, muka dawo gida muka zauna mu da 'ya'yanmu muna kallon juna. Gidanmu a Madobi babban gida ne, sashena daban, na ƙannena biyu daban, ga kuma sashen Inna a tsakiya. Lokacin kuwa kakar tumatir ce. Duk wanda ya san ƙasarmu ya san yadda take a wannan tsakani, domin tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka jawo ruwa ta kanal zuwa Kadawa da Kura da Bunkure, rani ya tashi daga lokacin zaman inuwa ya koma lokacin aiki. Ƙanena yana hayar 'yar gona a wajen Kura, in ya kai kaya Kwanar Gafan ya sayar, abin da ya rage sai ya kawo gida, mata su yi miya da shi, saura kuma a yanka a shanya a yi kauɗa.

Ranar nan da hantsi Inna tana zaune tana gyaran kayan miya, sai ta kira 'yata Ummi, wadda ta ci sunanta, ta ce, "Takwara, je ki kwandon can ki ɗebo mini tumatir bakwai." Ummi lokacin shekararta biyar, tana shekara ta biyu a wata makarantar renon yara ta kuɗi, irin waɗanda ake kira nazare. Ta sheƙa da gudu, ta ciko gaban rigarta ta zo ta zube. Inna ta duba ta ce goma sha ɗaya ne. Ni kuma ina gefe a kan tabarma, sai na yi karambanin kare ta, na ce, "Inna, ai da Turanci aka koya musu. Ummi, sebin aka ce." Jin haka sai yarinya ta miƙe tsaye, ta mai da hannuwa baya kamar soja, ta ɗaga murya ta kama wan, tu, tiri, ba ta tsaya ba, ba ta yi tuntuɓe ba, sai da ta dire a handired. Na ji kaina ya fasu. Na ce to madalla, je ki kawo sebin ɗin. Ta tafi, ta dawo da huɗu.

Inna ba ta kiran sunana, saboda ni ne ɗan fari. Ta dai dubi wajen da nake ta ce, "Kai wannan, ashe waƙa kuke biyan kuɗi ana koya mata?" Matan gida suka tuntsire da dariya, ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata. Malamin lissafi guda, wanda yake koyar da aljabara, 'yarsa ba ta san bakwai ba.

Da la'asar na ga Inna ta zaunar da ita, ta ajiye faifai da 'yar gyaɗa a kai, da ƙoƙo a gefe. Ba ta yi mata wani dogon bayani ba. Cewa ta yi, "Ɗauki guda, ki saka a ƙoƙo, sannan ki ce ɗaya." Yarinya ta ɗauka ta saka. Da ta zo ta uku sai bakinta ya riga hannunta, ta zarce huɗu, biyar, shida, alhali gyaɗa uku ce a ƙoƙo. Inna ta riƙe hannun ta ce, "A'a, kishiya, baki ba ya wuce hannu. Abin da ba ki taɓa ba, ba ki ƙirga shi ba." Suka sake daga farko. Da suka kai biyar, Inna ta kife faifai a kan ƙoƙon ta ce, "Nawa ne a ciki?" Ummi ta kai hannu za ta buɗe ta sake ƙirgawa, Inna ta hana ta. "Me kika ce a ƙarshe?" Ta ce biyar. "To, wa ya shiga ya ƙara? Wa ya shiga ya ci?" Ta ce babu. "To nawa ne?" Yarinya ta yi shiru, ta dubi faifan, ta dubi kakarta, can ta ce, "Biyar?" Inna ta buɗe ta ba ta ta ce ta cinye.

Ina tsaye ina kallo, sai karatun da na yi lokacin da nake neman difiloma ta koyarwa ya riƙa dawo mini, karatun da na haddace na zuba a takardar jarrabawa na karɓi sakamako na manta. An koya mana cewa a 1978 wasu masana biyu na Amurka, Gelman da Gallistel, sun warware ƙirga suka nuna ashe abubuwa ne da dama a dunƙule, kuma yaro yana iya kama wani ya rasa wani. Akwai jerin sunayen lambobi da ba ya sauyawa, wannan shi Ummi ta iya. Akwai bai wa kowane abu suna guda, ba tsallake ba maimaici, wannan shi ne baki ba ya wuce hannu. Akwai kuma gane cewa sunan da aka faɗa a ƙarshe shi ne adadin abin da ke ƙoƙon gaba ɗaya, wannan shi ne dalilin kife faifai. Inna ba ta san waɗannan Turawa ba, su ma ba su san ta ba, amma a wuri guda suka haɗu. Ni da nake da takarda a akwati, ni ne kaɗai ban halarci taron ba.

Kashegari na tara yaran gidan, su tara, daga mai shekara huɗu zuwa mai takwas, a gindin darbejiyar ƙofar sashena. Sai dai hali zanen dutse. Na jingina allo, na ɗauki alli, na rubuta 1 zuwa 10, na tsaya ina bayani kamar ina gaban 'yan aji shida. Kafin minti goma biyu suna kokawa, ɗaya ya bi kaza, ƙaramar cikinsu ta yi barci. Na fusata na ɗaga murya, sai na ji duk sun miƙe sun mai da hannu baya sun kama wan, tu, tiri, domin a saninsu wannan shi ne abin da malami ke so in ya yi tsawa. Ranar na mai da allon ɗaki, bai sake fitowa ba sai bayan wata biyu.

Na koma ga dabarar Inna, amma na yi kuskuren da nake so duk mai karanta wannan ya kiyaye. Na tara 'ya'yan tsamiya cikin gwangwani saboda suna da kyau, suna da santsi, ba sa ruɓewa. Kwana uku muna jin daɗinsu, a rana ta huɗu ɗan ƙanena mai shekara huɗu ya cusa guda a hanci. Ga dokar hana fita, ga azumi ya kama, haka na goya shi a babur muna bin lungu har muka sami wani ma'aikacin lafiya ya zaro ta. Uwar yaron ta yi mako ba ta amsa gaisuwata da daɗi, kuma ban ga laifinta ba. Daga ranar na kafa wa kaina doka, duk abin da zai shiga hanci ko kunne ba ya zuwa gindin darbejiya. Muka koma ƙwallon goruba da ƙwallon mangwaro da murfin kwalba da tumatir ɗin da ya fara laushi, da takalman mutanen gida in an cire an shiga salla.

Da tumatir na gwada abin nan da aka san Piaget da shi, masanin nan na ƙasar Suwizalan da ya rasu a 1980. Na jera shida a layi, na jera wasu shida a ƙarƙashinsu, kowane yana fuskantar ɗan'uwansa. Na ce wane layi ya fi yawa? Suka ce daidai suke. A gaban idonsu na baza na ƙasan, na yi masa tazara ya yi tsawo, ban ƙara ba ban rage ba. Na ce yanzu fa? Duk 'yan ƙasa da shekara shida suka nuna dogon layin, har da Ummi wadda ta ƙirga su da hannunta yanzun nan. Na ce ta sake ƙirgawa, ta ƙirga shida da shida, na ce to wanne ya fi? Ta sake nuna dogon. Wallahi da a ajina ne da na ce taurin kai ne. Inna da ke jin mu ta katanga ta ce, "Ƙyale su, ai manya ma haka ake yi musu. Ba ka ga mai kashin tumatir a kasuwa yana baza shi ya yi faɗi ba?" Wannan abu bai gyaru da bayani ba. Sai da muka yi makonni muna rabon kaya, kai ɗaya ni ɗaya, kai ɗaya ni ɗaya, kowa ya tara nasa yadda ya ga dama, wani a dunƙule wani a baje, sannan a yi musaya. Yaro in dai rabonsa ne ba ya yarda a cuce shi, kuma ta nan ne ido ya fara sallama wa hannu.

Sauran dabarun duk wasa ne, kuma yawancinsu yaran ne suka kawo su. 'Yan mata suna carabke, ana jefa dutse sama a kwashi ɗaya-ɗaya, sannan biyu-biyu, sannan uku-uku, abin da kawai na ƙara shi ne a faɗi adadin da baki a kuma nuna a tafin hannu. Na zana gidaje goma a ƙasa a jere irin na 'yar gala-gala, yaro ya tsaya a gida na huɗu, a ce ya yi tsalle uku gaba, ina ya sauka? Ya yi biyu baya, ina yake? Ba su san tarawa da ɗebewa suke yi ba, ni ma ban gaya musu ba. Wani lokaci in juya musu baya in buga tsohuwar langa da cokali, su ƙirga da kunne su ajiye murfin kwalba daidai bugun. Da aka sassauta doka na kai manyan cikinsu gonar ƙanena, nesa da bakin kanal don kanal ba ya wasa da yara, muka ƙirga fangalin albasa, biyar a layi, layi huɗu. Sifili kuwa sai da muka yi rigima a kansa. Na jera kwanuka, wannan da goruba uku, wannan biyu, wannan ɗaya, na ƙarshe wayam, na ce shi ma yana da lamba. Wani ya ce, "Baba, ai babu ba a ƙirga ta." Na ce in an raba ƙosai aka tsallake ka, nawa ka samu? Ya ce ai sai in yi kuka. Kalmar ma daga Larabci muka aro ta, kuma asalin ma'anarta abin da ba komai a cikinsa, wato dai kwanon nan na ƙarshe.

Amma wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce Ladidi, 'yar ƙanena, mai shekara takwas. A makaranta an yanke mata hukunci cewa ba ta da ƙwaƙwalwar lissafi, ubanta ma har ya fara cewa zaman ajin ɓata lokaci ne. Ita ce take yi wa uwarta tallan awara. Wata rana na ce mata, na sayi awarar naira ɗari da talatin, na ba ki ɗari biyu, nawa ne canjina? Ko numfashi ba ta ja ba ta ce, "Ɗari da talatin, in sa ashirin ya zama da hamsin, in sa hamsin ya cika. Saba'in ne, Baba." Sai na rubuta mata 200 a sama, 130 a ƙasa, na ja layi na miƙa mata alli. Ta daɗe tana kallo, jikinta ya yi sanyi, daga bisani ta rubuta 130. Ta bi kowane gida ta cire ƙaramin daga babba, ba ruwanta da wanda ke sama da wanda ke ƙasa. Na ce, Ladidi, in kika ba ni canjin ɗari da talatin me Umma za ta yi miki? Ta ce, "Ai wannan na makaranta ne, ba na kuɗi ba ne."

Na makaranta ne, ba na kuɗi ba. Mai karatu, wannan magana ta hana ni barci. Yarinya ta raba duniya biyu, akwai lissafin gaskiya wanda in ka kuskure za ka sha duka ko ka yi asara, akwai kuma na makaranta wanda ba shi da alaƙa da komai, ana dai jera alƙaluma a ga ko malam zai yi maki. Ba ita kaɗai ba ce. A 1985 wasu masu bincike sun buga abin da suka gani a birnin Recife na ƙasar Barazil, inda yara masu talla suke ba da canji daidai a bakin titi, amma in aka ba su lissafin nan dai a takarda sai su faɗi. Mu ne muke gina wannan katanga, kuma tubalin farko shi ne ranar da muka tsayar da ɗan shekara huɗu ya rera lambobin da bai taɓa riƙe ko ɗaya daga cikinsu ba.

Saboda Ladidi na shiga dangar gidanmu na zaro karan dawa, na yayyanka shi gajere-gajere, muka zauna muna ɗaure goma-goma da zare. Dami ɗaya da kara uku a gefe, goma sha uku. A nan ne na lura da wata baiwa da harshenmu yake da ita wadda ban taɓa kula da ita ba. Bahaushe in ya ce goma sha uku, ya riga ya gaya maka abin da ke hannunsa, ga goma ga uku. Bature kuwa in ya wuce goma sai ya ce ilebin, ya ce tuwalf, babu goma a ciki babu ɗaya babu biyu da kunnen yaro zai kama, sannan ya zo da fiftin da fifti, sikstin da siksti, waɗanda har 'yan sakandare suke rikitawa in ana yi musu shifta. Har ɗebewa muna da ita a cikin suna, don tsofaffi ba su cika cewa goma sha tara ba, sai ashirin ba ɗaya. Inda muka sami tangarɗa shi ne daga ashirin zuwa casa'in, domin waɗannan aron Larabci ne, yaro ba ya jin uku a cikin talatin. Inna ce ta fitar da mu, ta ce su a wajen kakarta gomiya biyu, gomiya uku suka ji ana faɗa. Sai muka riƙa cewa dami uku, gomiya uku, sunansa talatin. Cikin kwana kaɗan Ladidi ta daina cire ƙarami daga babba, saboda kara ba ya yarda da wannan.

Inna kuma ba ta ƙirga ɗaya-ɗaya in abu ya yi yawa. Yatsu take bazawa ta ja biyar-biyar, in ta yi huɗu ta ture gefe ta ce hauya, wato ashirin. Ta ce haka kakarta take ƙirgar wuri. Daga baya na tarar Baturen nan matafiyi Barth, wanda ya shigo Kano a 1851, ya ba da labarin yadda ya ga ana ƙirgar wuri a Tasawa, ta ƙasar Nijar a yau, biyar-biyar ake ja, a tara kashi na hauya goma, wato ɗari biyu, ko kuma na dubu. Mutanen da suka yi ciniki na zambar ɗari da wuri a kasuwar Kurmi ba allo ba alli, jikokinsu ne yau ake cewa ba su da kan lissafi. Wannan kam da sake.

Kada in sa a ɗauka kowa ya yi na'am da abin da nake yi. Maiɗakina ta same ni wani dare ta ce, "Malam, ni fa ban gane ba. Mun hana kanmu mun biya kuɗi don yarinya ta iya Turanci, kai kuma ka zo kana mai da ita ɗaya, biyu da ƙwallon goruba. Jarrabawar da za ta yi da Hausa za a yi mata?" Tambaya ce mai nauyi, kuma ba ta yi ƙarya ba, da Turanci ake jarrabawa. Hukuma ma kanta ta kasa tsayawa wuri guda a kan wannan batu. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen yankinsa, amma makarantun kuɗi ba su taɓa kula ta ba. A ƙarshen 2022 gwamnatin tarayya ta ce a yi shekara shida na firamare da harshen uwa, sannan a watan Nuwamba na 2025 ministan ilimi ya ba da sanarwar an soke, an koma Turanci. Alhali tun 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya fara gwaji a Ile-Ife, aka koyar da yara da Yarabanci shekara shida ana ba su Turanci a matsayin darasi, kuma ba su zama koma-baya ba ko a Turancin. Abin da na ce wa maiɗakina a daren nan shi ne ta ba ni wata guda. Yaron da ya san bakwai a hannunsa, in ka gaya masa Bature sebin yake ce mata, suna kawai ka ƙara masa, yini ɗaya ya isa. Wanda kuwa sebin kaɗai ya sani, ba shi da abin da zai rataya sunan a kai. Ta ce Allah Ya sa, amma daga muryarta na san ba ta gamsu ba, kuma har yau in maganar ta taso takan ce sa'a na ci yarinyar mai kai ce.

Su ma malaman nazaren, da na huce sai na daina ganin baƙinsu. Da aka buɗe makarantu a watan Oktoba na je na sami malamar su Ummi, yarinya ce ƙarama da ta gama sakandare, ga yara sun haura hamsin a ɗaki guda, abin da ake biyanta kuwa kunya ba za ta bar ni in faɗa ba. Na kawo mata zancen murfin kwalba, ta saurare ni da ladabi, sannan ta ce, "Malam, in na raba wa yara hamsin murfi goma-goma, wa zai hana su jifan juna? Kuma iyaye in yaro ya koma gida, so suke su ji ya kai handired. In bai kai ba sai su cire shi su kai wata makarantar." Na rasa amsa, domin ni ma ɗaya ne daga iyayen nan, ni ne wanda kansa ya fasu ranar tumatir. Froebel da ya ƙirƙiro makarantar yara ƙanana a Jamus a 1840, da Montessori da ta buɗe tata a birnin Rum a 1907, duk da kayan taɓawa suka fara, mu kuma muka ɗauko sunan muka rubuta a allon ƙofa, muka bar kayan a can. Abin da muka iya daidaitawa da ita shi ne ta riƙa zaunar da su rukuni-rukuni, goma suna kan tabarma da murafu, saura suna rerawarsu, gobe a juya. Ta yi zango biyu tana yi, daga nan ta yi aure, wadda ta gaje ta kuma ta share murafun ta zubar.

Ni ma da na koma bakin aikina sai na tafi da daman karana a cikin buhu. Na ba 'yan aji ɗaya na ƙaramar sakandare 42 a cire 17, kusan rabin ajin suka rubuta 35, irin kuskuren Ladidi sak. Waɗanda suka samu daidai kuma da na tambaye su yaya suka yi, sai suka ce aro muka yi. Na ce a wajen wa? Suka ce a wajen huɗu. Na ce yaushe za ku biya? Aji ya yi tsit. Shekara shida suna aro ba su san abin da suke ara ba.

Da na zazzage buhun a kan tebur dariya suka yi, wani daga baya ya ce Malam ya mai da mu 'yan nazare. Wani abokin aikina da ya leƙo ta taga ma ya ja ni gefe daga baya ya ce in rufa wa kaina asiri, manhaja tana da yawa, kada mai duba makarantu ya zo ya tarar ina wasan kara. Ban ce masa komai ba. Na kira wani yaro dogo da ke zama a layin ƙarshe, ɗan wajen shekara goma sha huɗu, wanda tun da aka shiga zangon bai taɓa ɗaga hannu ba, in an tashi kuma gonar shinkafa yake wucewa. Na ajiye masa dami huɗu da kara biyu, na ce ga arba'in da biyu, ba ni goma sha bakwai. Ya miƙo mini dami guda, sannan ya tsaya yana kallon kara biyun nan, yana kallon sauran dami ukun. Ajin ya fara ƙus-ƙus. Gumi ya keto masa. Can ya ɗago kai ya ce a hankali, "Malam, in kwance ɗaya?"

Na ce kayanka ne.

Ya sa haƙori ya tsinke zaren, kara goma suka watse a tebur suka haɗu da biyun, ya ƙirga bakwai yana taɓa kowane ya turo mini. Ya dubi abin da ya rage, dami biyu da kara biyar, ya ce ashirin da biyar. Sannan ya juya ya dubi allo inda lissafin yake a rubuce, ya daɗe yana kallon ɗan ƙaramin 1 ɗin nan da ake maƙalawa a gefen 2, ya nuna shi da yatsa ya ce, "Malam, wai wannan shi ne damin da na kwance?" Na ce shi ne. Ya ce, "To ai ba aro ba ne, canji ne." Ya sunkuya ya tsince karan da suka faɗi ƙasa, ya tambaye ni ko akwai sauran zare ya mayar da damin yadda yake.